Gobarar kayan lantarki a gida: Daga ina take tashi, me ke rura ta

Gobarar kayan lantarki ita ce wadda ke tashi daga na'ura, ko caja, ko soket, ko wayar da ke ɗauke da wuta a cikin gida, ba tare da an ƙyasta ashana ko an kunna murhu ba. Abin da ya raba ta da sauran gobara shi ne ba ta jiran kowa ya kasance a wurin. Takan fara a inda ido ba ya kaiwa: bayan firji, cikin silin, ƙarƙashin matashin kai, ko a ɗakin da aka kulle aka tafi kasuwa ko ofis. Kafin a ga harshenta, sau da yawa ta daɗe tana cin roba a ɓoye.

Gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa na shekarun 1980 bai wuce rediyo da fanka da talabijin ɗaya ba, sai firji ga mai hali. Gidan yau kuwa yana da wayoyin salula biyar ko shida, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da dikoda, da fankar caji, da fawa banki, da butar lantarki, wani ma har da na'urar sanyaya ɗaki da inbata. Kaya sun ninka, amma a gidaje da dama wayoyin da ke cikin bango su ne dai waɗanda aka ja tun ranar da aka yi ginin. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, a bayanan da take fitarwa a kai a kai, ta sha ambaton kayan lantarki marasa inganci da sakaci wajen amfani da gas ɗin girki a cikin manyan dalilan gobarar da take zuwa kashewa.

Yadda waya ke zama garwashi

Duk wayar da lantarki ke bi ta cikinta tana ɗumama, ko da kaɗan ne. Idan kaurinta ya dace da yawan wutar da ake ja, zafin yakan fita a hankali ba tare da ɓarna ba. Matsala tana farawa ne idan aka ɗora wa siririyar waya abin da ya fi ƙarfinta. Akwai ƙa'idar kimiyya da ta cancanci kowane magidanci ya riƙe ta: idan wutar da ake ja ta ninka sau biyu, zafin da ke fita sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa soket ɗin da ya shekara yana ɗauke da talabijin lafiya lau zai iya narkewa ranar da aka jona masa hita.

Hanya ta biyu ta fi yaudara, ita ce sakin haɗi. Ƙusoshin da ke damƙe waya a bayan soket sukan saki idan an daɗe, haka ma fulogin da ke lilo a cikin ramukan soket, ko wayoyi biyu da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. A irin wannan wuri wuta tana matsewa ne ta bi ta ɗan ƙanƙanin fili, sai zafi ya taru, wani lokaci har da tartsatsi. Fis ko bireka ba ya ganin wannan haɗari, domin yawan wutar da ake ja bai wuce ƙima ba, saboda haka babu abin da zai katse ta. Alamominsa dai sanannu ne ga mai lura: bakin soket ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, fulogi ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ƙaurin roba ko wani wari mai kama da ƙarnin kifi, ƙaramar ƙara daga cikin bango, ko ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa ba dalili.

Ta uku ita ce lalacewar robar da ta lulluɓe waya, ko don tsufa, ko ɓera ya gaigaye ta a silin, ko an bi da ita ƙarƙashin kafet ko ƙofa ana takawa. Da zarar wayoyi biyu tsirara sun taɓa juna, wuta mai yawa takan kwarara nan take. Domin irin wannan rana aka yi fis: siririn ƙarfe ne da aka tsara ya narke kafin waya ta ƙone. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya maye gurbinsa da waya mai kauri ko takardar alminiyam ta kwalin sigari, bai gyara komai ba, ya sallami maigadi ne kawai.

Ingancin wayar kanta ma abin dubawa ne. A ƙa'idar jan waya a gida, fitilu na amfani da mai kaurin milimita 1.5, soket-soket na amfani da mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da tankin dafa ruwa kuwa sukan buƙaci layinsu na daban mai 4 ko fiye. Amma kasuwa ta cika da wayoyin da aka rubuta musu 2.5 alhali cikinsu bai kai ba, da waɗanda alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyam na ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Idan aka kankare bakin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, ba jan ƙarfe ba ne. Mai gini yakan rage 'yan dubbai a nan, wanda zai kwana a ɗakin kuwa shi ne zai biya. Araha dai ba ta ado.

Lissafin soket

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma fulogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya da aka fi amfani da shi an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13. Idan aka ninka lambobin biyu za a samu wat 2,990, wato kusan 3,000. Wannan shi ne iyakar abin da soket ɗaya zai ɗauka, kuma soket mai doguwar waya da ake kira ekstenshin bai ƙara komai a kan wannan iyaka ba. Ramuka shida gare shi, amma duk ta fulogi ɗaya suke sha.

Ba yawan kaya ne ke cika soket ba, irinsu ne. Cajar waya ba ta cika wuce wat 10 zuwa 25 ba, fanka da talabijin na zamani kowanne bai cika kai 100 ba. Abin da ke shan wuta shi ne duk na'urar da aikinta samar da zafi ne. Butar lantarki takan kai wat 2,000 ko fiye, dutsen guga 1,000 zuwa 2,000, haka ma hita da murhun lantarki. Buta mai 2,200 da dutsen guga mai 1,200 a ekstenshin guda sun kai 3,400, sun zarce iyaka tun kafin a ƙara komai. Wannan ma idan ekstenshin ɗin na ƙwarai ne. Masu arha da yawa ba su da fis, kuma wayarsu siririya ce ƙwarai. Ana rubuta yawan wat ɗin kowace na'ura a gindinta ko a bayanta, duba shi ba ya cin minti ɗaya. Jona ekstenshin a jikin wani ekstenshin, ko barin doguwar waya a nannaɗe alhali tana ɗauke da kaya masu nauyi, duk suna ƙara tara zafi.

An ɗauke, an kawo

Akwai haɗarin da littattafan kiyaye gobara na Turai ba su cika damuwa da shi ba, amma a nan shi ne kan gaba: yawan ɗauke wuta. Mutum yana guga sai a ɗauke wuta, ya ajiye dutsen a kan tufafi ya fita, bai kashe soket ba domin a ganinsa babu abin kashewa. Da tsakar dare ko tsakar rana, lokacin da ba kowa a ɗakin, sai a kawo wuta. Haka hitar da aka bari a bokitin roba: ruwa ya tafasa ya ƙone, ƙarfen ya yi ja, roba ta narke ta kama. Irin wannan hita ba ta da abin da ke kashe ta da kanta idan ta yi zafi. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, buƙatar ruwan zafi na ƙaruwa daidai lokacin da iska ta bushe, katako da tufafi suka bushe ƙayau, ga iskar da ke kaɗa wuta daga wannan rufi zuwa wancan. Ɗabi'ar da ta fi kowace na'ura amfani a nan ita ce, da an ɗauke wuta a zagaya a kashe duk abin da ke samar da zafi, a kuma zare fuloginsa.

Ita ma wutar da ake kawowa ba kullum take zuwa daidai ba. Taransfoma na rarraba wuta ne ta layi uku da waya ta huɗu da ma'aikata ke kira nutural. Idan nutural ta tsinke ko aka sace ta, wasu gidaje wutarsu takan yi ƙasa sosai, wasu kuma ta haura har ta doshi bolt 400. Wannan ne abin da mutane ke kira wuta mai ƙarfi, wadda ke fasa ƙwayayen fitila ta ƙone talabijin da caja a unguwa guda cikin ɗan lokaci. Idan fitilu suka yi haske fiye da kima ko fanka ta fara gudu kamar za ta tashi, abin yi shi ne kashe babban makunnin gida nan take, ba bin na'urori ɗaya bayan ɗaya ba.

Wuta mara ƙarfi ma ba lafiya ba ce, ko da yake an fi raina ta. Injin firji da na na'urar sanyaya ɗaki, idan wuta ta yi ƙasa, sukan kasa tashi su tsaya suna gurnani suna jan wuta fiye da kima har su yi zafi. Amfanin ɗan akwatin nan da ake kira gadin firji ke nan: yana katse wuta idan ta yi sama ko ƙasa, kuma yana jinkirta 'yan mintuna bayan an kawo ta kafin ya sake ta.

Batirin litiyam

Kusan kowace na'urar hannu a yau da batirin litiyam take aiki. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 masana uku da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka samu kyautar Nobel ta fannin sinadarai. Falalarsa ita ce tara ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, haɗarinsa ma daga nan yake.

A cikinsa akwai faifai biyu sirara da aka nannaɗe kamar tabarma, tsakaninsu wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, duka kuma a jiƙe cikin ruwan sinadari mai kama wuta. Muddin ledar nan na nan lafiya, batiri lafiya yake. Idan ta huje ko ta narke, faifan biyu sai su taɓa juna, zafi ya tashi, zafin ya tayar da sinadaran su haifar da wani zafin, cikin daƙiƙoƙi abin ya kai ɗaruruwan digiri. A wannan mataki ba ya tsayuwa da kansa. Batirin yakan fesar da hayaƙi mai guba da harshen wuta, kuma nau'o'i da yawa suna sakin iskar oksijin daga cikinsu, shi ya sa lulluɓe shi da bargo ba ya kashe shi yadda yake kashe wutar mai.

Abubuwa huɗu ne ke jawo haka: kuskure daga masana'anta, rauni kamar faɗuwa ko lanƙwasa ko huda, zafi daga waje, da cajin da ya wuce iyaka. Na farkon ya sha faruwa har ga manyan kamfanoni. A Agustan 2006 kamfanin Dell ya janye batiran kwamfuta miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga cikinsu lokacin haɗawa. Shekaru goma bayan nan sai ga wayar Samsung Galaxy Note 7. An fitar da ita a Agustan 2016, a farkon Satumba kamfanin ya janye guda miliyan 2.5 bayan rahotannin kamawa da wuta, aka musanya wa mutane da sababbi, sababbin ma suka riƙa kamawa. A Oktoba aka daina ƙera ta gaba ɗaya, Amurka kuma ta haramta shiga jirgin sama da ita. Binciken da kamfanin ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna cewa batirin farko an matse shi ne a kwanon da ya yi masa kaɗan har kusurwarsa ta lanƙwashe, na biyun kuma tsinin walda ne ya huda ledar, wasu ma ba a saka musu tef ɗin kariya ba. Idan kamfani mai ɗakunan gwaji da dubban injiniyoyi zai yi irin wannan kuskure sau biyu a jere, to ba sai an faɗa wa mai saye abin da zai zata daga batirin da ba shi da suna ko adireshi ba.

Sauran ukun a hannun mai na'ura suke. Masu ƙera batiri na ba da shawarar kada a yi caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin inuwa kansa yakan haura 40 a watan Afrilu. Wayar da aka bari a gaban gilashin mota, ko aka jona ta aka tura ƙarƙashin matashi a kan katifar soso, ba ta da inda za ta fitar da zafinta, ga shi soso na cikin abubuwan da suka fi saurin ci da wuta da fitar da baƙin hayaƙi. Wurin caji shi ne kan abu mai tauri, kamar tayil ko siminti ko teburin ƙarfe, nesa da gado da labule, kuma ba a bakin ƙofar da za a fita ta cikinta ba.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya ko ya bankare allon kwamfuta ya riga ya lalace, iskar gas ce ta taru a cikinsa. Ba a danna shi, ba a huda shi don ya sace, ba a kuma sake yi masa caji. Jefa shi a juji ma haɗari ne, ganin yadda ake cinna wa shara wuta a unguwanni, yara da masu tsintar ƙarafa na zagaye da ita. A rufe bakinsa da tef, a ajiye shi a gwangwani mai yashi a waje, a miƙa wa masu gyaran da ke karɓar tsofaffin batira.

Fawa banki ya cancanci ambato na musamman, domin batiri ne zalla, kuma a nan jabu ya fi yawa: lamba mai girma a jikin kwali, a ciki kuwa tsofaffin batiran da aka ciro daga matattun kwamfutoci. A ranar 28 ga Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. Duk mutanen da ke ciki sun tsira, kuma masu bincike sun karkata ga cewa fawa banki ne a ma'ajiyar kaya ta saman kujeru ya haddasa wutar. Dama ƙa'idar jiragen sama ta hana saka fawa banki a kayan da ake aunawa, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce wat-awa 100, wato kimanin mAh 27,000, sai da izinin kamfanin jirgi. 'Yan kasuwar da ke zuwa Sin su sani cewa tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin fawa bankin da ba shi da tambarin CCC ya shiga jiragen cikin gida na ƙasar.

Caja

Aikin caja shi ne sauko da bolt 230 zuwa bolt 5 ko ɗan sama da haka, kuma tazarar da ke raba ɓangaren wuta mai kisa da ɓangaren da ke shiga waya 'yan milimitoci ne. A nan masu jabu ke rage kuɗi. A 2016 masu kula da ingancin kaya a Birtaniya sun bayyana sakamakon gwajin jabun cajojin Apple guda 400 da aka saya ta intanet daga ƙasashe daban-daban: uku kacal ne ke da isasshiyar kariya. Cajar da ba ta da nauyi a hannu, ko take ƙara, ko take zafi ko ba a jona mata waya ba, ba ta cancanci kwana a soket ba. Masu sana'ar cajin waya, da ke jera cajoji ɗari a kan katako cikin rumfar kwano, su ne suka fi kowa buƙatar wannan bayani.

Firji da darasin Grenfell

Firji ne kaɗai na'urar da ba a kashewa dare da rana, kuma a jikinsa akwai makamashi fiye da yadda ake zato. Tsakanin bangonsa soso ne mai kama wuta, firji na zamani da yawa kuma suna aiki da gas ɗin R600a, wanda shi ma yana kamawa. Da misalin ƙarfe ɗaya saura na daren 14 ga Yunin 2017, wuta ta tashi a kicin ɗin wani gida a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a birnin Landan. Kwamitin binciken da Sir Martin Moore-Bick ya jagoranta ya tabbatar da cewa matsalar lantarki a cikin firji ce mafarinta. Wutar ta fita ta taga ta kama rufin ado da aka manna wa benen daga waje, ta haye sama cikin mintuna, mutum 72 suka rasu. Firji ne ya kunna wutar, amma kayan da aka lulluɓe ginin da su ne suka mayar da ita bala'i. Masu sha'awar silin roba da bangon ado na roba a falo suna da abin lura a nan.

Hukumar kashe gobara ta Landan ta daɗe tana kira da a riƙa yi wa firji bayan ƙarfe maimakon na roba. Mai sayen firji, musamman ɗan Kwatano da ba a san shekarunsa ba, zai iya leƙa bayansa ya gani da idonsa. A bar tazara tsakaninsa da bango, a share ƙurar da ke taruwa a kan injinsa, a ba shi soket nasa shi kaɗai, kada kuma a sassaƙe ƙanƙara da wuƙa, domin huda bututun gas ba wuya.

Talabijin da dikoda da sitabilaiza ba su da wannan girman haɗari, buƙatarsu iska ce. Mayafin ado da ake rufa musu, da tura su cikin kabad mara ƙofar iska, da ƙurar hunturu da ke toshe ramukansu, su ne abokan gabarsu.

Inbata da sola

Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gidaje da shaguna da yawa sun koma ga sola da inbata, kuma da yawan masu haɗawa a bakin aiki suka koya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa bolt 12 ko 24 ba abin tsoro ba ne. Kayan wat 1,000 a wutar gida amfiya huɗu da 'yan kai suke ja, amma daga batirin bolt 12 sun haura amfiya 80. Wayar da za ta ɗauki wannan dole ta yi kauri sosai, ta zama gajera, a ɗaure bakinta tamau, a kuma saka fis kusa da batirin. Ban da haka, tartsatsin wutar batiri da ta faifan sola ba ya mutuwa da sauƙi kamar na wutar gida, saboda haka bireka irin tasu daban ce, ba a musanya ta da ta gida.

Batiran ruwa, waɗanda ake ƙara wa tataccen ruwa, suna fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kamawa idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Ba a kulle su a ƙaramin sito mara taga ko a ɗakin kwana. Na litiyam kuma, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4 ya fi sauran jure zafi, amma shi ma sai da na'urar da ke lura da cajinsa. Ajiye batiri a ƙarƙashin matakalar bene, kamar yadda aka saba don ɓoye shi daga ido, na nufin ajiye shi a kan hanyar tsira ɗaya tilo ta mutanen sama.

Masu alhakin sa ido

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su ta shirin SONCAP, da waɗanda ake ƙerawa a gida ta shirin MANCAP. Hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin aikin jan wuta da bai wa masu aikin takardar shaidar ƙwarewa, mai gida na da damar neman ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki. Wanda aka sayar wa kaya mai haɗari kuma yana iya kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Dokoki dai akwai su. Abin da ke kasuwa ya nuna cewa aiwatar da su bai kai ko'ina ba, kuma tambari abu ne mai sauƙin bugawa a jikin kwali. A gidajen haya kuwa, gyaran waya yakan maƙale tsakanin mai gida da ɗan haya, kowa na jiran ɗan'uwansa, har ranar da za a rasa abin gyarawa.

Idan wuta ta tashi

Matakin farko shi ne katse wutar daga babban makunni, tare da inbata da janareta idan akwai, domin gidan da ke da inbata yana da wuta ko da an ɗauke ta gari. Kowane baligi a gida ya kamata ya san inda makunnan suke, ya iya kai hannu gare su a cikin duhu. Ba a watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki, domin wutar za ta biyo ruwan ta kama mai watsawa. Tukunyar kashe gobara mai garin hoda, wadda ake yi wa shuɗin tambari, ko mai iskar CO2 mai baƙin tambari, su ne suka dace, busasshen yashi ma yana taimakawa ga ƙaramar wuta. Waya ko fawa bankin da ba ya jone da soket kuwa, ruwa mai yawa ne ke sanyaya shi, kuma haka ake koya wa ma'aikatan jirgin sama su yi.

Wannan duk ga wutar da ba ta wuce girman kwandon shara ba ne. Wadda ta kama labule ko katifa ko silin ta fi ƙarfin mutanen gida, abin da ya rage shi ne fita. Hayaƙi ne ke kashe yawancin mutane kafin harshen wuta ya iso gare su, kuma yana taruwa ne daga sama, shi ya sa ake fita da rarrafe. Rufe ƙofar ɗakin da ke ci yana rage wa wutar iska, ya ƙara wa sauran gida lokaci. Gwaje-gwajen cibiyar UL ta Amurka sun nuna cewa ɗakin da ke cike da kujerun soso da kayan roba na zamani yana iya rage wa mutum lokacin tsira zuwa kimanin minti uku, saɓanin kusan 17 a zamanin kayan katako da auduga.

Minti uku ba ya isa neman makulli. Gidajen birni an kewaye su da ƙarafan taga da ƙofofin ƙarfe masu kwaɗo biyu ko uku saboda tsoron ɓarayi, kuma abin da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana iyali fita. A kowane ɓangaren kwana ya kamata a samu taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki, makulli kuma a rataye a wuri guda da kowa ya sani, har da yara. Ƙararrawar hayaƙi mai batiri, wadda ake mannawa a silin kusa da ɗakunan kwana, ita ce ke tada mai barci, domin hanci ba ya farkar da mutum. Ƙungiyar NFPA ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan uku cikin biyar na mutuwar gobarar gida a ƙasar na faruwa ne a gidajen da ba su da ƙararrawa mai aiki. Ana gwada ta sau ɗaya a wata, a sauya ta bayan shekara goma.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, amma yana da kyau a ajiye lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a waya tun kafin buƙata. A kira su da wuri, ba bayan guga da bokiti sun gaza ba, a faɗi sananniyar alama kamar masallaci ko makaranta ko gidan mai, a tura wani bakin titi ya tarye su, musamman a lungunan da mota ba ta shiga. A kuma sanar da su idan akwai batiran inbata, ko faifan sola a rufi, ko tukunyar gas a cikin gidan.

Bayan an kashe wuta, ba a mayar da lantarki sai ƙwararren ma'aikaci ya bi wayoyin, domin zafi na lalata robar waya a cikin bango da silin inda ba a gani. Batirin litiyam da ya kama aka kashe kuwa yana iya sake tashi bayan sa'o'i, saboda haka a ɗauke shi da shebur, ba da hannu ba, a bar shi a fili a kan ƙasa, nesa da gini da mota, aƙalla kwana ɗaya.